Kaset Ɗin da Na Hana Wuta

Ranar da aka yi wa ƙanena sujadar godiya, bayan ya ajiye shugabancin mawaƙan coci, ban iya zama har ƙarshe ba. Cocin ya cika maƙil, an kafa lasifika huɗu manya kamar rumbuna, ana dukan ganguna da fiyanon lantarki har bencin da nake kai yana rawa. Wannan na daure masa, domin na saba. Abin da ya tashe ni shi ne wani saurayi mai kwat da aka ba takarda ya karanta tarihin ƙanen nawa. Ya ce wai tun ƙanen nawa yana yaro bai taɓa buɗe baki ya rera waƙar duniya ba, cikin mawaƙan coci ya fara, cikinsu ya tsufa. Jama'a suka tafa. Na dubi ƙanena yana zaune a gaba cikin farar riga, yana murmushi yana gyaɗa kai. Na ɗauki jakata na fita. Wata daga cikin matan zumunta ta biyo ni tana tambaya ko jikina ne. Na ce mata jikina lafiya lau, kunnena ne ya ji ƙarya.

Mu a wani ƙauye muka tashi bayan Bomo, inda yanzu ba ka ganin komai sai gidajen hayar ɗalibai, kowanne da janareto a bakin ƙofa. A lokacin gonaki ne iya ganinka, dawa da auduga da gyaɗa, sai fadama can ƙasa inda ake rake da tumatir. Idan na rufe ido, sautin wurin ne yake fara zuwa mini. Kana ɗaki ka san wace mata ce ta fara daka daga yadda taɓaryarta take sauka. Ka san keken wa yake tahowa daga kukan sarƙarsa. Idan iska ta juyo daga wajen gari, har kukan jirgin ƙasa na Sabon Gari mukan ji, siriri, kamar ana kiran wani daga nesa. Yau ko maƙwabcinka ya faɗi yana ihu ba ka ji ba, sai an turo maka labari a waya.

Kakanninmu Maguzawa ne. Babanmu shi ne na farko a gidan da ya karɓi bishara, tun kafin a haife mu, daga baya kuma ya zama dattijo a ɗan cocin ƙauyen. Kaka, wato mahaifiyarsa, ba ta bi shi ba, ba ta kuma yi faɗa da shi ba. Ranar Lahadi takan taya mu neman takalma, ta raka mu bakin zaure, ta koma ɗakinta. Niƙa aikina ne ni da ita. Injin niƙa sai Samaru, kuma Kaka ta ce garin inji ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Don haka kowace safiya muna durƙushe a gaban dutse, ita da nata ni da nawa. Idan ta ga na yi shiru ina cije leɓe sai ta ce, “Buɗe baki ki yi waƙa, yarinya. In kin yi shiru bayanki zai kama ciwo tun ba ki je ko'ina ba.” Waƙoƙinta ba su da sauri, da tafiyar dutsen suke tafiya, gaba da baya. Auta, ƙanena, wanda shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, yakan zauna kan turmin da aka kife yana jiran kunu, yana kaɗa ƙafa. Ba wanda ya lura cewa haddacewa yake yi.

Baba lebura ne a gonar gwaji ta Samaru, kuma daga can ya zo mana da rediyo mai rigar fata. Ba a kunna shi sai don labarai, saboda batir. Amma ranar Lahadi bayan an taso daga sujada an ci abinci, akwai wani shiri da ake sa waƙoƙin Turawa na ƙauye, waɗanda mu muke kira waƙar kaboyi, 'yan jami'a kuma suna ce musu kantiri. Mutum ɗaya ne da jitarsa, yana waƙa a hankali, murya tana karyewa kamar zai yi kuka amma bai yi ba. Ba ma jin rabin abin da suke faɗa. Auta ya ce shi yana ji. Ya ce wannan saniyarsa ce ta mutu, wancan matarsa ta hau jirgi ta bar shi, wancan kuma gida yake so ya koma. Baba yakan bar shirin ya ƙare, domin a ganinsa mutanen suna da natsuwa, kuma jefi-jefi sukan ambaci sunan Yesu.

Da galan na man gyaɗa da wayar birkin keke Auta ya haɗa jitarsa ta farko. Ta biyu ta gaske ce. Wani baƙon malami a jami'a, wanda Auta yake yi wa noman lambu, shi ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tsohuwa, da tsagewa a gefe an liƙe da gam. Lokacin Auta ya kusa shekara ashirin, dogo, siriri, ba ya iya kallon mutum ido cikin ido. Amma idan ya rungumi jitar nan sai ya zama wani. Bai tsaya kwaikwayon Turanci ba. Ya ɗauki tafiyar kiɗansu ya ɗora mata Hausarmu ta ƙauye. Ya yi waƙar bijimin Baba da aka sayar shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Ya yi ta mai keke da tayarsa ta fashe tsakanin Bomo da Samaru, ga buhun masara ga hadari. Ya yi ta wata mai ƙosai a bakin tasha da ba ta taɓa ɗaga kai ta dube shi ba. Ni ce mai amshi. Na girme shi da shekara uku, na fara koyarwa a wata firamare a Samaru, ina ji da kaina, amma idan ya ce, “Yaya, shigo nan,” sai in shiga.

Wani direban bas da ya ji shi a gidan biki shi ya kai mu wurin mai shagon kaset a Sabon Gari, kusa da layin dogo. Mutumin Kudu ne, mai ƙiba da fara'a, kowa Oga yake ce masa. Ya daɗe a Zariya amma Hausarsa ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinsa. Ranar Asabar muka je da hantsi. Ya shigar da mu wani ɗan ɗaki bayan shagon, ya rataya barguna a taga da ƙofa, ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Makirfo ɗaya ne, an ɗaure shi jikin sandar tsintsiya. Kafin mu gama waƙar farko rigar Auta ta jiƙe sharkaf.

“Madam, ka matsa baya kaɗan,” in ji Oga. “Muryanka yana cinye na yaro.”

Na matsa. Muka sake. Muna tsakiyar waƙar bijimi sai ga jirgi, ƙasa tana girgiza, barguna suna motsi. Oga ya ɗaga hannu muka tsaya, muka jira har ya wuce, muka sake daga farko. Sau uku Auta yana manta baiti don tsoro. A na huɗu ya rufe ido ya daina kallon makirfon, shi ke nan ya tafi har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Da Oga ya mayar da zaren baya ya danna, sai muka ji wani yaro yana waƙa daga cikin akwati. Auta ya toshe baki da hannu ya fita waje da gudu. Na same shi tsugune a bakin kwata yana dariya, hawaye na zuba. Ya ce, “Yaya, haka nake?” Na ce haka kake. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Tun suna cikin zanen goyo ake ɗaukar muryarsu, sun ji kansu har sun gaji. Mu mun girma ba mu taɓa jin yadda muke a kunnen wani ba.

Ba a yi wata biyu ba kaset ɗin ya shiga motoci. Ka hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, sai ka ji bijimin Baba yana fita ta taga. Na taɓa zama a bayan wata mota kusa da wata tsohuwa mai ƙwaryar nono, tana bin amshina da baki ba ta san ni ce a gefenta ba. Ɗalibai suka fara zuwa ƙauye a ƙafa suna tambayar gidan mai jita. Masu shayi, masu faci, teloli, Musulmi da Kirista, kowa ya san waƙar mai ƙosai. Ita kanta mai ƙosan an ce ta ji, ta ce ba da ita ake ba. Baba bai yaba ba, bai hana ba. Sau ɗaya dai na ji ya gyara wa Auta, ya ce bijimin ba ja ba ne, fari ne mai baƙin wuya, in za a faɗi abu a faɗe shi daidai.

Oga ya ce a yi na biyu. A nan ne Auta ya ce zai sa waƙar niƙan Kaka, wadda ta fi so, ya rufe kaset ɗin da ita. Ya yi mata kiɗa mai tafiya gaba da baya kamar dutsen. Farkonta ba abin da wani zai ce:

Dawa ta nuna, mai gona ya yi nisa,
wa zai ɗaure dami, wa zai kai gida?

Amma can ƙasa akwai baitin da mai niƙa take juyawa ta yi roƙo:

Mai tsamiya, ga gari fari na zuba,
ka bar mana ruwa, ka bar mana 'ya'ya.

Mu a wurinmu waƙar Kaka ce kawai. Tun muna rarrafe muke jinta. Ba mu tsaya tunanin wane ne mai tsamiya ba, ko da yake mun san tsohuwar tsamiyar da ke bayan gari, inda mutanen dauri suke kai gari da farin zakara. Ni na yi amshin, kuma har yau ban taɓa yin waƙar da ta fi wannan daɗi a bakina ba.

Sati uku da fitowar kaset ɗin dattawan coci suka zauna. Wani ya ji shi a tasha ya kawo ƙara, cewa ɗan dattijo yana sayar da waƙar tsafi da sunan kiɗan zamani. Ba a kira mu ba. Baba ya dawo da la'asar, ya jingina kekensa, ya ce a kira masa Auta. Ina bakin murhu ina tankaɗe, ina jin komai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an ba shi zaɓi, ko kaset ɗin ya ɓace ko ya sauka daga kujerar dattijo, amma shi ba kujerar ce ta dame shi ba. Sai ya tuɓe rigarsa ya juya mana baya. Mun sha ganin tabon nan a gona, dogaye uku daga kafaɗa zuwa ƙugu, ba mu taɓa tambaya ba.

“Ranar da na ƙi kai zakara gindin tsamiyar nan, 'yan'uwan ubana suka yi mini wannan,” in ji shi. “Na ɗauka na rufe ƙofar. Yanzu ɗana ya buɗe ta, har da jita, har cikin mota.”

Na ajiye rariya na ce, “Baba, waƙar niƙa ce fa. Kaka ce take yi kullum a gidan nan, ba ka taɓa hana ta ba.”

“Ita uwata ce. Ba da ke nake ba.”

Na dubi Auta ina jira. Ina jira ya ce a cire baitin, ko a bar na farkon da ba shi da laifi, ko a je a yi wa dattawan bayani. Akwai magana goma da zai iya yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Shi ke nan, Baba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya sa shi. Baba kaset na biyu kaɗai ya ambata. Auta ya ɗauki keke ya yi kwana shida yana yawo, tasha zuwa tasha, teburin mai shayi zuwa shagon tela, yana roƙon mutane su ba shi kayansa, na farko da na biyu duka. Wasu suka ba shi, wasu suka ce ya ɓace. Na bi shi shagon Oga ranar da ya je karɓo uwar kaset ɗin, wadda daga ita ake kwafa. Oga ya riƙe ta a ƙirji kamar jariri.

“Kai yaro, kanka lafiya? Wannan abu Allah ya ba ka. Madam, ka yi masa magana!”

Na yi magana har muryata ta dushe, a shagon, a hanya, a cikin bas. Auta yana kallon taga.

Da rana tsaka ya tara su a bayan gida inda muke ƙona shara, ya zuba kananzir. Kafin ya dawo da ashana daga kicin na sa hannu na zaro ɗaya na cusa cikin zanena. Na biyun ne, wanda na rubuta sunayen waƙoƙin a jikinsa da hannuna. Wutar ta kama da baƙin hayaƙi mai wari, zaren yana nannaɗewa yana tsalle. Kaka ta fito tana toshe hanci ta tambaya me ake ƙonawa haka. Aka gaya mata. Ta dubi wutar, sannan ta ce, “To. Ni dai dutsena yana nan.” Ta koma ciki. Washegari ta yi niƙanta ta yi waƙarta, har baitin, Baba yana wanke fuska a tsakar gida bai hana ta ba. Ba ta ga kaka biyu bayan nan ba ta rasu. Aka kawo inji ƙauyen, dutsen ya zama abin zama a bakin rijiya.

Auta ya shiga mawaƙan coci, ya koma gari, ya yi aure, ya yi suna. Ba zan ce bai yi wa Allah aiki ba. Amma muryar da ake karyawa a hankali ba ta da wuri a gaban mutum hamsin da ganguna, sai ya koyi ɗaga ta, ya koyi tsayawa kusa da lasifika yana kaɗa hannu. Ni kuma na yi aure a unguwar Jama'a, na koyar har na yi ritaya, kaset ɗin yana ƙasan akwatina na ƙarfe cikin tsohon ɗankwali. Ban taɓa gaya masa ba. Ban kuma saurara ba, da farko don tsoron kada a ji, daga baya don haushi. Mukan haɗu a biki da jana'iza, mu gaisa, ya gida ya yara, shi ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ina raye na ga an shigo da jita cikin coci, na ga an shigo da kalangu, na ga an ware ranar al'ada, 'yan mata suna ɗaura saƙi suna riƙe ƙwarya suna kwaikwayon niƙa a gaban bagadi ana ɗaukarsu a waya. Jikokin waɗanda suka kai ƙararmu ne a sahun gaba. Ba wanda ya zo ya ce mana an yi kuskure.

Da na dawo daga sujadar nan ban ko cire takalmi ba na jawo akwatin. Washegari na shiga Sabon Gari neman inda zan kunna shi. Shagon Oga ya zama wurin sayar da waya da caji, shi kansa an ce ya koma garinsu tuntuni. Na nuna wa saurayin da ke ciki kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya yana dariya.

“Mama, ki faɗa mini sunan waƙar kawai in sauke miki.”

Na ce ba ta cikin waya.

Ya ce, “In ba ta cikin waya, ai babu ita ke nan.”

Ban san lokacin da na fizge kayana ba. Kwana uku ina yawo, layin masu lantarki, layin 'yan gwanjo, har gidajen tsofaffin ƙawaye. Kowa ya taɓa mallakar rakoda, kowa ya zubar ko yara sun farfasa. A ƙarshe wani tsohon direba ya kwatanta mini wani malami mai gyaran rediyo a Jushi. Na same shi a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba, dattijo mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare, matattun rediyoyi jibge har rufi. Bai yi dariya ba. Ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu, ya sa biro ya juya zaren a hankali yana dubawa a hasken ƙofa. Ya ce ya yi fumfuna, kuma ya tsinke wuri ɗaya, amma zai liƙe da jan farce. Ya ce in ba shi kwana biyu ya tayar da wata rakoda.

Da na koma ya ce, “Malama, na ɗan gwada farkonsa, yana magana. Amma zaren ya tsufa. Sau ɗaya zan iya yi miki alkawari. In akwai wanda kike so ya ji, ki zo da shi.”

Na tafi gidan Auta kai tsaye. Yana zaune a baranda. Na ce ya sa hula ya biyo ni, ya yi murmushi ya gyaɗa kai bai motsa ba, sai da na kama hannunsa na ja. A hanya ina ta tanadin abin da zan faɗa masa. Na shirya shi tsaf, shekara da shekaru ina shirya shi.

Malam ya ba mu benci, ya ajiye wayarsa kusa da rakodar don ta ɗauka, ya danna. Aka yi shuuu, sai jitar ta shigo, sai yaron. Na dafa bencin. Muryar ta ɗan yi rawa saboda tsufan zare, amma shi ne, da numfashinsa, da yadda yake haɗiye ƙarshen kalma. Sai ga ni ina shigowa daga baya, yarinya mai ƙarfin hali. Na juya na dubi Auta. Yana murmushi yana gyaɗa kai, daidai irin na ranar coci.

“Auta! Ba ka gane ba ne, ko rainin hankali ne?”

Ya gyaɗa kai.

Malam ya rage ƙarar ya dube shi ta saman tabarau, ya tafa hannu a bayan kunnensa na dama. Ko gezau. Ya ce, “Malama, bawan Allahn nan ba ya ji.”

Na ɗauko kwalin kaset ɗin na sa masa a hannu. Ya dubi rubutuna, ya dubi zaren yana juyawa, murmushin ya tafi. Ya matso ya manna kunnen hagu jikin rakodar, Malam ya ƙure ƙara har masu wucewa suna leƙowa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ɗora tafin hannu a kan lasifikar.

“Ina jin motsinsa,” ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. “Yaron ne ba na ji.”

Na sa baki a kunnensa na hagu na yi ihu, tun yaushe. Ya ce ya kai shekara uku, likita ya ce lasifika ce ta cinye su. Ya ce hannun mai ganga yake kallo ya san inda aka kai, shi ya sa ya ajiye. Matarsa kaɗai ta sani.

“Ranar sujada sun ce ba ka taɓa yin waƙar duniya ba!”

“Wa ya ce?”

“Yaron nan mai kwat!”

“Ni ban gaya masa haka ba. Ban gaya masa komai ba.”

“Ai shi ne laifinka! Kullum ba ka cewa komai!”

Ya ji wannan. Ya sunkuyar da kai yana shafa kwalin da babban yatsa. Duk maganar da na tanada tana nan a bakina, doguwa, mai tsari, ga shi ba a iya yin ta da ihu a kunne ɗaya cikin shagon mutane. Na ce kawai, me ya sa bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Ya ce, “Kin ga bayan Baba ranar nan.” Na ce na gani, ni ma ina wurin, amma na ɓoye ɗaya. Ya ce, “Ke ce babba.” Ban san ko yabo ne ko tsiya ba.

Waƙar mai keke tana tafiya, ba wanda yake saurare sai Malam. Auta ya nuna rakodar da haɓa.

“Yaya, ya iya?”

“Ya fi ka nesa ba kusa ba!”

“Na sani,” in ji shi. “Tun ranar na sani.”

Fuskar farko ta ƙare, maɓallin ya ɗago da kansa. Malam ya dube mu ya ce, a juya? Auta ya gane daga hannunsa. Ya miƙe yana dafa gwiwa ya ce, “Juya mata, Malam. Ita take ji.” Ya fita ya zauna a kan wani dutse a bakin shagon, yana kallon 'yan acaba suna wucewa.

Ni kaɗai na ji fuska ta biyu, ni da wani malami da ban san shi ba sai satin nan. Na so in ji daɗi kawai, haushi bai bar ni ba. Ina jin haushin dattawan da suka mutu suka bar mu da wannan, da na Baba, da na lasifika, da na kaina da na zauna a kan akwati shekaru ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri, alhali da na kawo masa shekara biyar da suka wuce da ya ji. Zaren bai tsinke ba. Ya kai har waƙar Kaka, har baitin, har inda Oga ya yi tari a ƙarshe ya kashe. Malam ya cire tabarau ya goge, ya ce, “Allah ya jiƙan tsohuwar da ta yi wannan.” Na ce amin.

Da na fito Auta ya ɗago ya tsura wa fuskata ido, yana neman waƙar a can. Na so in ɗaure fuska don kada ya samu da sauƙi. Ban san abin da ya gani ba, amma ya faɗa da ƙarfi har mai sayar da lemo a tsallaken hanya ya waiwayo.

“Ashe har yanzu tana da daɗi.”

Na ce ya tashi mu tafi, rana tana yi. Bai ji ba, sai da na miƙa masa hannu.